Gwajin Ruwa a Fatakwal

Tun da na dawo daga Fatakwal ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta unguwar Gesse duk wanda ya miƙo mini hannu sai ya haɗa da "Injiniya, ƙaƙa can take?" Wani so yake ya ji ko da gaske mai na kwarara a kwata, wani kuma lambar wanda ya yi mini hanya yake nema, don ya rantse ba a kiran ɗan Kabi gwaji a kamfanin mai haka siddan. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma na lura duk wanda na ba rabi sai ya ƙarasa sauran da kansa ya kai gaba. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa in ana tambayata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Argungu ne, gidanmu gidan masunta, amma a Birnin Kebbi nake zaune wurin yayana Murtala. Fannin injuna na karanta a jami'a. Tun da na gama bautar ƙasa nake neman aiki a harkar mai da iskar gas, kuma kowace sanarwa na buɗe magana ɗaya ce a ƙasanta: sai mai gogewar shekara biyar a fagen. Ta ina mutum zai goge in ba a bar shi ya shiga ba, wannan ba wanda ya taɓa amsa mini. Abin da nake ci da shi gyaran injin ban-ruwa ne a fadamar Gulma da Augie. Na taɓa sa wannan a takardar neman aiki da sunan gogewa, ko kallo ban samu ba. Su kuma guraben masu koyon aiki, waɗanda ba sa neman gogewa, suna da tasu ƙa'idar: kada ka haura talatin. Ni kuwa talatin ɗin tana jirana bayan damina mai zuwa. Baba ya riga ya yanke magana, in shekarar nan ta wuce ba labari, in tattaro in dawo Argungu in kama gona, a rufe zancen.

Sai ga waya wata rana ina tsugune kan wani inji a Gulma, hannuna duk baƙin mai. Mace ce, da Turanci mai sanyi, ta ce wani kamfani mai kwangilar gyaran injuna a rijiyoyin cikin teku yana gayyatata gwajin ɗaukar masu koyon aiki. Na ce to, na gyara tsugunno ina jiran ta faɗi nawa zan tura, domin irin wannan wayar na sha ta, kuma kullum a nan take ƙarewa. Ba ta faɗa ba. Har ta ce masauki su za su ba mu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ɗan damfarar da ya nemi kuɗi tun farko na san yadda zan yi da shi, amma wanda bai nema ba ban san me yake so a jikina ba.

Yaya Murtala ya ƙara wa abin gishiri. "Wanga aiki da ba a biɗi gogewa ba, ba a biɗi kuɗi ba, to mi anka biɗa? Kai anka biɗa. Ko ba ka san ana saida ƙoda ba?"

Baba kuwa, da na je Argungu yi masa sallama, na iske shi yana ɗinkin homarsa ta kamun kifi a zaure. Tambaya ɗaya ya yi.

"Cikin ruwa aikin yake?"

Na ce cikin teku, Baba.

"In dai ruwa na, tahi. Ban haihi wanda ruwa ka ba kunya ba."

Ban hau motar haya ba. Malam Isa, wani direban gingimari da ke kai albasar Augie kudu, wanda na sha gyara wa injin gonarsa, ya ce in zo mu tafi. Yaya ya yarda, wai ko ba komai za a samu wanda ya san inda aka sauke ni. Jakata mai ɗauke da kwat ɗin aro da takalmin aiki mai ƙarfe a baki da na saya a gwanjo, sai aka cusa ta tsakanin buhuna. A lokacin ban ga laifin haka ba.

Na ɗauka ni ne mai zargi, sai da na zauna kusa da Malam Isa. Daga Jega zuwa Yauri kowa nasa ne, yana ta danna oda yana ɗaga wa mutane hannu. Muna wuce Kontagora ya kama bakinsa, idonsa na kan daji, in ya ga mota ta lalace a gefen hanya sai ya ƙara wuta ya ce ƙila ba lalacewa ta yi ba. A wani shingen bincike kafin Lokoja wani jami'i ya sa aka zaro jakata, ya ɗaga takalmin nan yana jujjuyawa, ya tambaye ni ko sojan da ya gudu daga bakin aiki ne ni. Na ce gwajin aikin mai za ni. Ya tuntsire da dariya, ya ce shi ma ilimin duwatsu ya karanta don ya haƙo mai, ga shi yau yana haƙo jakunkunan mutane. Ya ce in je in dawo, zan same shi a nan. Dariyar tasa ta bi ni har Lokoja, don ta yi mini ciwo.

Daga Lokoja Malam Isa ya daina sayen abinci. Risho gare shi a bayan kujera, shayi da burodi da ƙuli-ƙuli su suka riƙe mu. "Naman da ban ga kainai ba, ba ni ci," in ji shi. Da muka doshi gadar Anaca ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya ce ni ma in cire tawa, daga nan gaba hula kuɗi take ƙara wa mutum. Na leƙa ruwan da ke ƙarƙashin gadar na tuna shi ne wanda ya wuce ta Yauri, har da na gulbinmu a cikinsa, sai na ji ɗan sanyi a raina. Sanyin bai daɗe ba. Muna sauka wasu ƙarti suka jefa katako mai ƙusoshi a gaban taya, kowanne da takardar liƙawa da sai an saya. Gilashin Malam Isa ya riga ya cika da irinsu, ta wata 'yar kafa yake leƙen hanya, amma duk da haka sai da suka samo wadda ba ya da ita.

Mun shiga Fatakwal ana ruwa, kuma har na baro ta ban ga an ɗauke da gaske ba. Garin yana da wata baƙar toka da ke saukowa daga sama, ka shanya farar riga ka kwashe ta da ɗigo-ɗigo. A kasuwar albasa na iske mutanenmu, 'yan Aleru da Augie, suka karɓe ni hannu biyu, sannan suka kashe mini jiki. Duk wanda na gaya wa abin da ya kawo ni sai ya dube ni da tausayi. Wani dattijo a cikinsu ya ce tun yana saurayi yake garin, 'yan arewan da ya sani a kamfanin mai masu gadi ne. Ya ce in bar musu lambar yayana. Na buɗe jaka don in shanya kwat ɗina, sai wurin ya kaure da dariya, domin kwat ɗin ya sha albasa ya ƙoshi. Na fesa masa turare, ya koma albasa mai turare.

Kamfanin dai na gaske ne, ko kuma damfara ce da aka kashe wa dukiya. Akwai katanga, akwai masu gadi, akwai tutoci. Na ɗauki hoton ƙofar na tura wa Yaya kafin in shiga. A ciki na fara ganin al'adun mutanen mai. Mu a gida kowane taro da addu'a ake buɗe shi. Su da nuna ƙofar gudu suke buɗewa, a ce ga ta inda za ku fita in wuta ta tashi, ga inda za ku taru a ƙirga ku. Kowace mota da baya ake ajiye ta, hancinta na kallon waje. Na hau bene hannuna a aljihu sai wani ya daka mini tsawa daga ƙasa, wai in riƙe ƙarfen gefen matakala, kamar wani mai koyon tafiya. Na ce a raina, mutanen da kullum suke shirin gudu, akwai abin da suka sani da ba su gaya mana ba.

Abu na biyu da na lura shi ya fi damuna. Sanarwa ta ce masu koyo ake nema, ba ruwanta da gogewa. Amma rabin waɗanda muka zauna da su tsofaffin hannu ne da aka sallama daga wasu kamfanoni. Suna kiran rijiyoyi da sunayensu, suna gaisawa da ma'aikatan wurin da laƙabi. A takarda duk ba mu kai talatin ba, har da waɗanda furfura ke leƙowa ta ƙarƙashin rini. Mun yi jarrabawa a rubuce, muka yi intabiyu. Wani mai sanƙo ya yi mini tambayoyi a kan famfo da bawul, na amsa abin da na sani, shi kuwa yana ta motsa hanci yana duban kwat ɗina. Da yamma aka karanta sunayen waɗanda suka tsallake, har da nawa. Aka ce saura gwajin ruwa, sannan na likita. Na ce to, ƙila a wurin likitan ne zancen Yaya zai tabbata.

A masaukin da suka ba mu aka haɗa ni ɗaki da ɗaya daga cikin tsofaffin hannun, wani mai suna Tonye, ɗan yankin ne, baƙi, kakkaura, mai yawan fara'a. Fara'ar ce ma ban yarda da ita ba. Ga shi kuma hannunsa na hagu kullum a aljihu, ko zaune ko tsaye, ko takalmi zai sa da hannu ɗaya yake fama. Na yi ta saƙe-saƙe: ko waya ce yake naɗar maganata, ko wani ƙulli ne na tsafi. Ya ja ni bakin titi muka ci gasasshen agade da kifi da manja mai yaji. Abincin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, sai dai kifin teku gishiri ne kawai da ƙaya, wanda ya ci giwan ruwa na Argungu ba zai ruɗe ba. Ya so ya sa mini miyar wasu ƙananan dodon-koɗi da ake tsotsa ana furzar da ɓawon, na ce na gode.

Da muka koma sai ya hau tambayoyi. Wa na sani a kamfanin? Na ce ba kowa. Ya yi murmushin da ke cewa bai yarda ba. Na iya ruwa? Nan fa bakina ya kwance, don an taɓo inda nake da abin faɗa. Na ce tun kafin in iya karatu na iya nutso. Na ba shi labarin gulbi, da yadda ake bin kifi har raminsa da hannu. Har na gaya masa dokar gidanmu, wadda ake koya wa yaro tun ranar da ya fara shiga jirgi: in jirgi ya kife, ba ka fitowa kai kaɗai. Wanda ke kusa da kai a wuyanka yake, ko ku fito tare ko ka koma ka nemo shi, kuma ba a tambayar ko ɗan'uwa ne ko baƙo.

Tonye ya dube ni. Ya ce da brokar Turancinsu, "Doka mai kyau ce." Sai daga baya na ji haushin kaina, na ce me ya kai ni zazzage wa abokin takara cikina.

Washegari aka kwashe mu zuwa wurin horo. Wani ƙaton kwamin ruwa ne na siminti, mai zurfi, ruwan shuɗi yana warin magani. A samansa an rataye wani akwatin ƙarfe mai kujeru da tagogi, siffar cikin jirgi mai saukar ungulu, domin da shi ake kai ma'aikata rijiyoyin teku, kuma yakan faɗa ruwa. Mai horon mace ce, gajera, da usur a wuya da muryar da ta fi ƙarfin jikinta. Ta ce za a ɗaure mu a kujera da bel, a sauke akwatin cikin ruwa, a juya shi kanmu ya koma ƙasa. Hannu ɗaya a kan taga, ɗaya a kan makullin bel. Ka jira juyin ya tsaya cak, ka ture taga, ka kwance, ka fita. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Kada wanda ya taɓa kowa. Ba ruwanka da na kusa da kai. Akwai masu nutso a ciki, aikinsu ke nan. A teku mai tsayawa ceto gawa biyu yake jawo mana."

Na ji maganar, amma kunnena kawai ta shiga. Wasu na karkarwa tun kafin a jiƙa su, ni kuwa dariya ma abin yake ba ni. Aka sa mu jajayen rigunan aiki da hular kwano. Aka zaunar da mu bibbiyu, kowa da tagarsa, Tonye a ɗaya gefen, tsakaninmu bai fi a miƙa hannu ba.

Akwatin ya sauka, ruwa ya hau ƙirji, ya hau wuya, na ja numfashi, duniya ta kife. Ruwan maganin ya shige mini hanci. Na jira, na ture taga, na kwance bel, duk cikin natsuwa. Har na sa kai zan fita sai na waiga. Tonye na nan a ɗaure, kansa a ƙasa, hannunsa na ta dukan makullin bel ɗin bai buɗe ba, idanunsa a waje. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Jikina ne ya juya, na murɗe makullin, na cakumi wuyan rigarsa, na jawo shi ta tagata muka fito tare.

Na ɗago kai ina jiran a ce sannu. Usur na ji. Matar nan ta tsaya a bakin kwamin ta wanke ni tas a gaban kowa. Ta ce na toshe taga da jikin mutum biyu, na shiga gaban masu nutso, da a teku ne da yanzu ana neman wanda zai kai wa uwata labari. Ta ce irina ne ba sa so, masu ganin sun iya ruwa. Ta rubuta wani abu a gaban sunana, ta ce saura mini dama ɗaya, in na sake taɓa wani in cire musu rigarsu in kama hanyar garinmu. Shi kuwa Tonye ba ta ce masa komai ba, tunda ni na shiga masa aiki kafin a ga ƙarshensa.

Na koma gefe na zauna ruwa na ɗiga daga jikina, raina a ɓace. A nan tunanin ya zo mini, kuma da ya zo sai komai ya hau daidai. Mutumin da ya shekara da shekaru a teku, wanda da bakinsa ya ce ya sha yin wannan gwajin, shi ne zai kasa buɗe bel? Wa na gaya wa dokar gidanmu jiya? Wa ya yi ta tambayata ko na iya ruwa? Guraben kaɗan ne, mu kuwa da yawa, duk wanda aka rage riba ce. Na dube shi can yana tari yana dafe ƙirji, na ce lallai wannan ya iya wasan kwaikwayo. Ya taso ya zo zai yi mini magana, na kau da kai. Na tuna talatin da ke jirana, na tuna dariyar jami'in nan na hanyar Lokoja, na ji zuciyata ta bushe.

Aka sake kiran mu, kujerun dai na ɗazu. Kafin a sauke akwatin ya juyo ya dube ni. Ruwa ya rufe mu, aka juya. Na ture taga, na kwance. Kuma na waiga, ba zan ce ban waiga ba. Yana nan yadda na gan shi da farko, hannu na dukan makulli, ƙafafu na harbi. Idonsa ya shiga cikin nawa. Na ce a raina, ka yi wa wani. Na juya na fita, na taso sama ni kaɗai.

Matar ta ɗaga mini babban yatsa. Na kama bakin kwamin ina jiran in ga kansa ya ɓullo yana dariyar an gano shi. Sauran suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya. Shi shiru. Sai na ga ruwan ya hautsine, usur ya yi ta ƙara, aka ɗaga akwatin da sauri, masu nutso suka fito da shi a sanƙame kamar buhun da ya jiƙe. Suka kwantar da shi a kan siminti suna danna ƙirjinsa har ya amayar da ruwa, ya ja wani numfashi mai ƙara da har yau nake ji. Ina tsaye a kansa na ga hannun da yake ɓoyewa. Yatsun duk suna nan, amma uku a miƙe suke ƙyam, ba sa lanƙwasuwa, ga wani tsohon tabo ya ratsa bayan hannun har wuyansa.

Na same shi daga baya a ɗakin jinya na wurin, an lulluɓe shi da bargo. Ban san da me zan fara ba. Shi ya fara. Ya ce bututu ne ya danne hannun a wurin aikinsa na da, aka yi masa magani, aka sallame shi da godiya. Tun daga nan duk inda ya je gogewarsa ta isa har ta yi yawa, hannun ne ba ya wuce likita. Ya rina gashi ya shigo cikin masu koyo, yana fatan in ya tsallake ruwa ya san yadda zai lallaɓa likitan. Ya ce da ya ji labarin dokar gidanmu, shi ya roƙi a zaunar da shi kusa da ni.

Ashe zargina bai faɗi ƙasa duka ba, da gangan ya zaɓe ni. Sai dai ba don ya kayar da ni ba ne, don in fitar da shi ne.

Na ce ya yafe mini. Ya girgiza kai, ya ce ban yi laifi ba, doka na bi, ko shi ne haka zai yi. "Abin da ka yi yau," in ji shi, "shi mu muka shekara biyar muna koya. Kai ka koye shi kafin azahar." Har yanzu ban san ko yabo ne ba. Ya tambaye ni ko akwai gyaran injuna a wajenmu da mai hannu ɗaya da rabi zai iya, muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, muka karɓi lambar juna. Na kira sau da yawa tun da na dawo, ba ta shiga.

Likita ya duba ni bai cire mini komai ba. Har na fito daga kamfanin ba wanda ya nemi sisina. An ɗauke ni aiki, ni da ba ni da gogewar kwana ɗaya, an ce in je gida in kintsa in dawo bayan salla. Na biyo Malam Isa muka dawo, wannan karon da lodin manja. Jami'in hanyar Lokoja ban gan shi ba, an canja masu shingen, kuma ko da na gan shi ba na jin ina da bakin yi masa dariya.

Yaya Murtala ya yi murna har da rungume ni, abin da bai taɓa yi ba. Washegari na wuce Argungu. Na so in ba Baba labarin yadda nake ba ku a majalisa, in tsaya a kan kwat mai albasa da matar nan mai usur. Amma da ya ji an ce gwajin ruwa sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya matso, yana ta tambaya, zurfin nawa, ƙaƙa anka ɗaure ku, wa ke kusa da kai. Da na kai wurin da na jawo mutumin ta taga, fuskarsa ta washe, ya ce madalla. Ganin haka sai na kasa tsayawa, kuma na kasa yi masa ƙarya. Na faɗa masa sauran.

Sai ya tambaye ni.

"Ka gane shi shina biɗar iska?"

Na ce na gan shi, Baba, amma na ɗauka yaudara ce, kuma doka ta hana.

"Da kah hito, ka koma?"

Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai. Ya ce Allah shi sa albarka ga aikin, ya tashi ya shiga alwala, alhali lokacin salla da saura.

Bayan la'asar abokansa suka taru a ƙofar gida yi masa barka, tsofaffin masunta da suka san ni tun ina tsirara a bakin gulbi. Baba ya karɓi gaisuwa, ya ce an gode Allah, karatu ya yi rana, takardunai sunka yi kyau. Sai ɗaya daga cikinsu, wanda shi ya fara koya mini riƙe gora a ruwa, ya ce cikin zumuɗi, "An ce hal gwajin ruwa anka yi musu? Ai nan kam na san ɗanmu ya gwada musu gidan da yah hito. Ba mu labari!"

Duk suka juyo suna murmushi. Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Ni ban ji wagga ba," in ji shi. "Takarda dai anka diba."

Ina zaune a gefen tabarmarsa ya faɗa, kuma har aka watse bai dube ni ba.